Martani: A tura ɗaliban likitancin dabbobi Magarya da Dungas, kuma gwamnati ta biya

Na karanta rubutun da wani malami ɗan jiharmu ta Damagaram ya yi kwanan baya, yana sukar kiran da ake yi cewa gwamnati ta riƙa ɗaukar ɗaliban likitancin dabbobi tana tura su koyon aiki a gundumomin karkara, tana ba su ɗan abin kashewa. Ya kama sunan Magarya da Dungas. A ganinsa, yankin da yara ke cika asibiti kowace damina saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro ba wurin da za a kai maganar akuya da kaza ba ne, duk dalar da ta samu a ba malaman asibiti da ungozoma. Ya ce kuma aikin likitan dabbobi ya daɗe da komawa hannun masu zaman kansu, saboda haka mai son koyo ya nemi ubangida da ƙafarsa, ya bar baitulmali ya huta. Ya rufe da cewa ɗalibi ɗanyen hannu ne, tura shi ƙauye ba shi bisashen talakawa ne ya koyi allura a jikinsu.

Ban ɗauki Malam mutumin da bai san darajar makiyayi ba. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen yara na asibitin Magarya tsakanin Agusta da Oktoba, a yankin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tun 2005, ya san abin da zai sa mai imani ya ce a ajiye komai a ceci yaran nan tukuna. Tausayin na gaskiya ne, ni ma ina da shi. Sai dai ya kai Malam ga shawarar da za ta cuci yaran da yake so a ceta, kuma abin da ya faru a Magarya kanta ya isa shaida.

A farkon Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a Nijar, kuma a Magarya ne, a jikin agwagin gida. Sai da aka kai samfur har wani ɗakin bincike a Paduwa ta ƙasar Italiya kafin a san tabbas abin da ke kashe tsuntsayen. Bayan an sani kuma, sai da aka yi fiye da wata guda, har cikin Afrilu, kafin a fara kashe tsuntsayen yankin don datse cutar. Allah ya kiyaye, ba a samu labarin ta kama mutum a nan ba. Amma tana kamawa: a Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas, kuma a duniya kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu da ita ba su tashi ba.

Ina so Malam ya tsaya ya dubi abin da ke faruwa cikin irin waɗannan makonni. Wadda ke fara ganin annobar tsuntsaye mace ce a tsakar gida. Ta tashi da safe ta tarar da agwagwa biyu a sanƙare, wasu suna tangaɗi. Abin da za ta yi kowa ya san shi: mai sauran numfashi a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, yara su fige, a sa a tukunya; masu lafiya a ɗaure ƙafafunsu a ba yaro ya kai kasuwa tun kafin su ma su faɗi. Dukiyarta take ƙoƙarin tsamowa, kuma ba mai ganin laifinta. Da haka ne cuta ke shafar hannun yaron da ya fige, ta shiga kejin ɗan kasuwa, ta kwana a wani gari. Wanda zai katse mata hanya mutum ne da matar ta san fuskarsa, wanda ya san bambancin wannan mutuwa da mutuwar kajin da aka saba gani da hunturu, ya iya ɗaukar samfur ba tare da ya shafa wa kansa ba, ya san yadda zai adana shi da sanyi, ya san wa zai kira a Damagaram. Malamin asibiti, komai ƙwazonsa, ba a koya masa wannan ba, kuma labari ba ya iso shi sai mutum ya kwanta.

Shekara goma bayan haka, a 2016, jihar Tawa ta ga irin wannan da zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift. Mutane suka fara kwanciya a yankin Cintabaradan, akasarinsu makiyaya masu taɓa jini da mahaifar dabba da shan ɗanyen nono. Da aka je binciken abin da ke kashe su, aka tarar bisashe sun riga sun yi ta ɓari, ƙanana suna mutuwa. Fiye da mutum 30 suka rasu. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na sababbin cututtukan da ke ɓullo wa ɗan Adam daga dabba suke fitowa.

Magarya da Dungas sun fi yawancin gundumomin ƙasar nan buƙatar mai sa ido. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a Magarya, sama da 350,000 a Dungas, a ƙasar da gona ta haɗe da gona, turken awaki yana jingine da ɗakin kwana. Ga iyaka: daga Sasumburum a yamma har Malawa a gabas, in ka fuskanci kudu Nijeriya kake kallo. Ranar Alhamis bisashe na gangarawa Maigatari, ranar Lahadi Mai'aduwa, wanda bai sayu ba ya dawo gida bayan ya yini kafaɗa da kafaɗa da dabbobin da ba wanda ya san daga inda suka fito. Garken da ya yi damina a arewa ta burtalolinmu yake bi da kaka, ya sha a mashayar da awakin gari ke sha.

Annoba dai ba kullum take zuwa ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓarnar yau da gobe da ba ta shiga rediyo. A je kwata da asubar ranar kasuwa. Saniyar da aka kayar, wa ya buɗe huhunta ya duba alamar tarin fuka? Wa ya tsaga hanta ya ga ko tsutsa ta cinye ta? Doka ta ce a duba, kuma inda akwai ma'aikacin kiwo yana dubawa ya buga hatimi, amma mutum ɗaya ba ya rabuwa kasuwa uku, yankan bayan gida kuwa ba ya jiran kowa. Dabbar da ciwon saifa ya kayar farat ɗaya, in aka feɗe ta aka raba naman da araha, cutar na bin wanda ya feɗe da wanda ya ci, ƙwayarta kuma ta zauna a ƙasar wurin shekara da shekaru tana jiran wani garke. Ciwon da ke sa shanu ɓari, wanda makiyaya ke kira bakkale, yana bin ɗanyen nono ya shiga mutum, ya yi ta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ana ta ba shi maganin sauro don shi aka sani. Ga haukan kare, da ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamarsa ta bayyana a jikin mutum, asibiti ba ta da abin yi. Maganinsa na dindindin yi wa karnuka rigakafi ne, kuma wannan ba aikin ungozoma ba ne.

Sai maganar tamowa, wadda a kanta Malam ya gina hujjarsa. Yaron da ke kwance a asibitin Magarya, a ina ya fara ramewa? A gidan da hatsi ya ƙare tun bazara. A irin wannan gida abin da ke tsaye tsakanin uwa da yunwa akuya ce ko biyu, da 'yan kaji da zabi. Ita ke ba da nonon da ake dama wa yaro, ita ake sayarwa a auno gero, ita ake sayarwa a biya kuɗin mota zuwa asibiti. Annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zawo da majina da gyambon baki, in ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kwashe fiye da rabinsa cikin 'yan makonni. Ciwon kajin hunturu kuwa yakan ƙarar da akurki ƙarƙaf. Allura ɗaya ke kare akuya daga PPR tsawon shekaru, rigakafin kaji kuma akwai wanda ɗigo ne kawai a ido. Matar da ta rasa awakinta a watan Maris, ita za a gani da yaro a goye a ƙofar asibiti a watan Satumba. Kuɗin da aka kashe a turkenta a kan yaron nan aka kashe shi, sai dai an riga ciwon isowa.

Cewa aikin ya koma hannun masu zaman kansu akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Tun shekarun 1990, da gyare-gyaren tattalin arzikin da suka sa gwamnati ta janye hannu daga abubuwa da dama, aka buɗe wa likitocin dabbobi ƙofar kafa nasu. A 2003 aka fara gwada tsarin da ake kira SVPP a Dakwaro, da haɗin gwiwar wata ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam da ƙungiyar Karkara: likita ɗaya mai zaman kansa, a ƙarƙashinsa mataimaka da aka zaɓo daga ƙauyuka da rugage aka horar da su. Tsarin ya kai magani inda da ba ya zuwa, ya kuma bazu a gundumomi da yawa. Ba ni da ta cewa a kansa sai yabo.

Amma a duba me makiyayi ke biya. Yana biyan maganin tsutsa, yana biyan allurar da za ta tayar da bijiminsa, yana biya a taimaki saniyar da haihuwa ta zo wa da gardama, don yana ganin amfanin a gabansa. Babu mahaucin da zai kira likita ya biya shi don ya ce masa naman nan ba ya ciwuwa, a binne. Babu dillalin da zai biya a hana shi fitar da garke daga kasuwa. Matar nan mai agwagi ba za ta sayar da kaza ta biya a kai samfurin mushenta Yamai ba, alhali tana tsoron amsar ta jawo a kashe mata sauran. Aikin da ke kare lafiyar jama'a ta ɓangaren dabbobi ba shi da mai saye, domin amfaninsa na kowa ne, asararsa ta nan take kuwa a kan mutum ɗaya take faɗa. In gwamnati ba ta ɗauki nauyinsa ba, ba mai ɗauka. Ita kanta gwamnatin ta san haka, shi ya sa rigakafin ciwon huhun shanu da na PPR da ake yi kowace shekara kyauta ne ga makiyayi. Ko da likita mai zaman kansa ne ya yi allurar, da kuɗin hukuma da na masu tallafa mata ake biyansa. To ɗalibin da aka ce ya nemi ubangida da ƙafarsa zai koyi abin da ke kawo ciniki a kanti. Sa ido kan annoba, duba nama, rubuta rahoto, bin sawun cuta daga kasuwa zuwa ruga, a ina zai koye su in ba a hannun hukumar da aikinta ke nan ba?

Mun taɓa ganin abin da sakaci da sa ido ke jawowa. Cutar bushiya ta kusa ƙarar da shanun ƙasashen nan a shekarun 1890. A 1962 aka fara babban gangamin haɗin gwiwa tsakanin Nijar, Nijeriya, Cadi da Kamaru, aka yi wa miliyoyin shanu allura har aka ɗauka an gama da ita. Aka sassauta, sai ga ta ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa. Sai da aka koma ga bin garke-garke, ana ɗibar jini ana bincike ko da ba a ga mai ciwo ba, kafin a kai ga shelar 2011 cewa bushiya ta ƙare a duniya. Yanzu an sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da PPR. Waɗanda za su ƙarasa wannan aiki a Nijar su ne ɗaliban da ke aji yau, kuma a gundumomin kan iyaka za a gane ko an yi nasara.

Tsoron ɗanyen hannu shi ne inda na fi kusa da Malam. Ɗalibin da aka saki shi kaɗai da sirinji cikin garken mutane haɗari ne, kuma ba wanda ke neman haka. Koyon aiki a ƙarƙashin wani ake yin sa, daraktan kiwo na gunduma ne, ko shugaban ofishin kiwo na ƙaramar hukuma, ko likita mai zaman kansa da hukuma ta amince da shi, kuma alhakin duk abin da ɗalibi ya taɓa yana wuyan wannan ubangidan. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu wa ke yi wa bisashen talakawa allura a yau. A kowace kasuwar mako akwai mai shimfiɗa kwalabe a rana, maganin da ya kamata ya zauna a inuwa, wani ya wuce wa'adi, wani ba a san inda aka yi shi ba. Ana saye a auna da ido, a tsira wa saniya, gobe a tatse ta a kai nonon kasuwa, ba wanda ya faɗa wa mai ita cewa akwai kwanakin da ake jira kafin a sha nono ko a ci nama. Kafso ja da rawaya na mutane ana farke shi a zuba wa kaji a ruwa. Wannan na cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su saba da magani, har ran da yaro zai kwanta a yi masa allura ta ƙi ci. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu ko biyar yana karatun jikin dabba da aikin magani, yana tsaye kusa da ubangidansa, ya fi mai kwalaben nan aminci nesa ba kusa ba.

Kuma hannu ba ya faɗawa a aji. Da yawa daga likitocin dabbobinmu a makarantar EISMV ta Dakar suka yi karatu, wadda aka kafa a 1968, ƙasashen Afirka fiye da goma na tarayya a kanta. Ma'aikatan da ke biye musu da yawa daga IPDR ta Kollo suka fito, ga kuma sassan nazarin kiwo na jami'o'inmu. Makarantu ne na ƙwarai, amma da Faransanci ake karatun. Ba a Dakar ɗalibi zai koyi abin da makiyayi ke nufi in ya ce sammore ko boru ba, ko ya gane cewa ba a faɗa wa baƙo adadin shanu, don tsoron haraji da kambun baka, saboda haka mai son lissafin rigakafi ya yi daidai sai ya ƙirga da idonsa a bakin shinge. Ba a can zai koyi cewa kafin ka hana nama sai ka fara gaida sarkin fawa, ka nuna masa abin da ka gani, ya faɗa wa yaransa da bakinsa, in ba haka ba gobe a ɓoye za a yanka. A nan ne zai koyi riƙe sanyin rigakafi a kan babur cikin yashi a watan Afrilu, abin da ba ya cikin jarrabawa amma shi ke raba allurar da ta yi aiki da wadda ta lalace tun a hanya. Wanda bai koyi waɗannan yana ɗalibi ba zai koye su yana darakta, ran da annoba ta riga ta shigo, babu kuma mai gyara masa.

Akwai abin da Malam bai taɓo ba ko kaɗan, wato ɗalibai mata. Awaki, tumakin turke da kaji a yankinmu akasari na mata ne, kuma a cikin gida suke. Gidaje da yawa ba a shiga. Namijin ma'aikaci a zaure yake tsayawa, a fito masa da abin da aka ga dama, ya ji bayani daga bakin maigida wanda sau da yawa bai san ran da akuyar ta daina ci ba. Ɗaliba kuwa sallama za ta yi ta shige har turke, ta ga inda ake ɗaure dabba da inda yaro ke rarrafe, ta ji daga bakin mai abin. Cikin wata uku za ta san abin da ke kashe kajin Bande ko Washa ta hanyar da mai tsayawa a zaure ba zai sani ba. Amma ba uban da zai bar 'yarsa ta tafi garin da ba ta da kowa, ba masauki ba kuɗin abinci. Sai hukuma ta tsaya mata.

Nan ne maganar biya ta shigo. Koyon aikin da ba a biya yana nan, ana yin sa, kuma kowa ya san inda yake ƙarewa: a Yamai ko cikin birnin Damagaram, inda ɗalibi ke da ɗan'uwan da zai ba shi ɗaki da tuwo. Ɗan talakan da ya fito daga Gushi ma, in ba a ba shi kuɗin mai da na abinci ba, ba zai iya zagaya rugagen garinsu ba. Ƙasa ta riga ta kashe kuɗi mai yawa a kan kowane ɗalibin da ta ba tallafin karatu a Dakar. Ƙin ƙara ɗan abin da zai kai shi inda aikin yake, shi ne ɓarnar kuɗin, don shi ke sa a yaye likitan da bai taɓa kwana a karkara da sunan aiki ba, bai kuma ga dalilin neman zama a can ba. Bautar ƙasa ta shekara biyu ba ta maye gurbin wannan, domin bayan karatu take zuwa, lokacin da mutum ya riga ya zaɓi hanyarsa. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da yawan likitoci ma sun gano ba a samun likitan karkara sai an tashi nemansa. Faransa, ganin ƙauyukanta na rasa likitocin shanu, ta fara tun 2013 tura ɗaliban shekarar ƙarshe su yi mako 18 a hannun likitan karkara, kuma ma'aikatar noma na tallafa wa shirin da kuɗi. A Amurka ma'aikatar noma na da shiri mai sunan Saul T. Wilson, inda take ɗaukar ɗalibai aiki da albashi lokacin hutu, ta taimaka musu da kuɗin makaranta, da sharaɗin su yi mata aiki bayan sun gama.

Inda nake roƙon Malam ya karkata alƙalaminsa shi ne yadda za a yi abin, don ta nan ake iya lalata shi. A tura ɗalibai lokacin da aiki ke akwai, wato gangamin rigakafi na shekara da makonnin da ke gaban Babbar Salla, sa'ad da raguna ke cika kasuwa da hanya. A ba su kuɗinsu kafin su hau mota, don abin da ya zo bayan wata shida bai ciyar da kowa ba. A yi musu rigakafin haukan kare tun kafin su taɓa dabba, a ba su safar hannu da takalmin roba. Kada a kai ɗalibi wurin da ba mai kula da shi, ko da hakan zai sa a fara da kaɗan, shi ma mai kulawar a saka masa, domin koyarwa ƙarin aiki ce a kan aikinsa. Sannan abin da na fi ba muhimmanci: a haɗa kowane ɗalibi da ƙaramin asibitin yankin da yake. Ya riƙa zama da shugaban asibitin sau ɗaya a mako su buɗe littattafansu tare. Mutum nawa kare ya ciza, ina karen yake yanzu? Wane ƙauye ne zazzaɓi ya ƙi jin maganin sauro, kuma me shanun ƙauyen ke ciki? A wace ruga aka yi ɓari da yawa, su wa suka taɓa mahaifar? Wannan zama ba ya cin ko dala, kuma ma'aikatan lafiyar da Malam ke yi wa yaƙi su ne za su fara cin moriyarsa.

Samfurin da ɗalibai suka ɗauka ya tafi ɗakin binciken LABOCEL, amsar kuma ta dawo har ƙauyen da aka ɗauko shi, domin mutanen da aka ɗibi jinin dabbarsu ba su sake jin komai ba, ba za su buɗe turke karo na biyu ba. Kuɗin ba zai isa gundumomin ƙasa duka a shekarar farko ba, don haka a fara da inda mutum da dabba suka fi cunkushewa kuma iyaka ta fi kusa. Dungas, wadda sai a 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma mai kanta, tana da Maigatari a ƙofarta, Magarya kuma na da hanyar Tinkim. Ƙananan hukumomin gundumomin biyu 11 ne, bakwai a Magarya, huɗu a Dungas. Ɗalibi ɗaya ko biyu a kowace, wata uku zuwa huɗu, a ƙarshe kowa ya tsaya gaban prefe da sarakuna da shugabannin makiyaya da ma'aikatan lafiya ya faɗi abin da ya gani da Hausa. Daga nan sai a auna abin da aka kashe da abin da aka samu, a ga ko ya cancanci a faɗaɗa zuwa Kance da Mirya.